Sa'a Ɗaya a Mako Ba Ta Rainon Ɗa

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a kan tsarin aikin yara cikin ikilisiya da rabon iyaye a ciki)

 Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga abokan karatunmu Musulmi da ke cikin zauren nan. Maganar ta ikilisiya ce, amma ku dakace ni, nan gaba kaɗan zan ari misali daga wajenku.

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan yadda ikilisiya za ta tsara aikinta na yara, da kuma inda iyaye za su shigo. An ba ni minti 30, kuma na ga mai kula da lokaci shi ne wanda yake buga mana ƙararrawa a da, saboda haka na san babu sassauci. Bari in fara da lissafi, tun da malaminmu na lissafi yana nan yana saurare.

Mako guda sa'a 168 ne. A ce yaro ɗan firamare yana barcin sa'a 9 kowane dare, 63 ke nan. A ce yana makaranta sa'a 6 a rana daga Litinin zuwa Juma'a, 30 ke nan. Makarantar Lahadi kuwa sa'a 1 ce, in ma an fara a kan lokaci. Abin da ya rage sa'a 74 ne, kuma waɗannan suna hannun gida, ko kuwa hannun duk wanda gida ya sakar wa, wato titi, da maƙwabta, da talabijin, da wayar hannu. To, mu ƙara dubawa. Lahadi 52 ne a shekara, amma in an cire ta Kirsimeti da ta Ista, da ta baikon godiya, da ranar Zumuntar Mata, da ranar da aka yi babban baƙo aka ce yara su shigo su cika benci, da ranakun da ruwan Agusta ya hana fita, da ƙyar a tsira da 40. Yaron da ya shiga aji yana ɗan shekara 4, ya fita bayan ya gama shekararsa ta 12, ya yi shekara 9. Sa'a 40 sau 9, 360 ke nan. In an raba da 24, kwana 15 ne cif. Jama'a, kwana 15 cikin shekara 9 su ne muke jingina bangaskiyar 'ya'yanmu a kansu, sa'an nan ran da yaro ya lalace mu ce ikilisiya ba ta yi aikinta ba.

Ga misalin da na ce zan ara. Maƙwabtanmu Musulmi ba su taɓa yarda cewa sa'a ɗaya a mako ta isa ba. Makarantar allo tun asali daga Asabar zuwa Laraba take yi, a huta Alhamis da Juma'a, uba kuma yana biyan kuɗin Laraba. A biranenmu kowa yana ganin yaro ya dawo daga boko, ya ci abinci, ya sake kaya, ya nufi Islamiyya. Ban ce mu kwafi tsarinsu yadda yake ba, amma wanda ya ga haka kullum a ƙofar gidansa bai kamata ya yi mamakin yadda ɗan maƙwabci ya fi nasa sanin addininsa ba.

Ita kanta makarantar Lahadi, sanin asalinta zai taimake mu. A shekarar 1780 wani mai gidan jarida a garin Gulosta ta Ingila, Robat Reks, ya lura da yaran talakawa waɗanda suke aikin masana'antu kwana shida a mako, ran Lahadi kuma su cika titi da faɗa da ashar. Sai ya ɗauki waɗansu mata yana biyansu sule guda kowace Lahadi domin su tara yaran nan su koya musu karatu, Littafi Mai Tsarki kuwa shi ne littafin karatun. Wato an ƙago ta ne domin yaran da gidajensu suka kāsa, kuma a lokacin yawancin yinin ake yi. Mu da muka gaje ta, mun rage yinin ya koma sa'a guda, sa'an nan muka ɗora mata nauyin kowane gida, har da gidan fasto da na dattijo.

Yaya aka yi muka kai ga haka? A ganina amsar tana cikin tarihinmu, mu da ke zaune a nan. Turawan mishan na SIM sun sauka Ikko a 1893, na SUM suka kafa zango a Wase a 1904, na 'Yan'uwa suka yi sujadarsu ta fari a Garkiɗa a 1923, Littafi Mai Tsarki cikakke kuma ya fito da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila ya ja gabansa. Daga can zuwa lokacin da muka shiga makaranta, tsara ɗaya ce ko biyu. Da yawa cikin iyayenmu su ne masu bi na fari a danginsu, waɗansu ba su iya karatu ba, waɗansu ma ba su karɓi bishara ba sam, sun dai yarda ne ɗa ya tafi boko. Saboda haka makaranta ce ta tsaya a matsayinsu. Ku tuna da yininmu: ƙararrawar asuba, addu'ar safe kafin shiga aji, darasin Littafi Mai Tsarki cikin jadawali da jarrabawarsa, addu'ar dare a ɗakin kwana, sujada safe da yamma ran Lahadi, ga taron Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957. Kullum ne, babu fashi, ko kana so ko ba ka so. Ayoyin da yawancinmu ke iya kawowa da ka har yau, a can muka haddace su.

Sai gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan a cikin shekarun 1970. Aka ɗauke wancan ginshiƙi, ba a kafa wani a gurbinsa ba. Tsaranmu suka yi aure suka haihu ba tare da sun taɓa ganin yadda uba yake zaunar da 'ya'yansa ya buɗe Littafi ba, domin mu shugaban ɗaki ne ya yi mana, da malamin kula da gida. Abin da muka sani shi ne a kai yaro wani wuri a yi masa. Ikilisiya ma ta ci gaba da tsara aikin yara kamar dai makarantar mishan tana nan tana riƙe da sauran kwana shida. Yanzu jikokinmu ne ke cikin ajin, ratar kuwa ta kai tsara ta uku.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wanda aka ɗora wa nauyin ba. A Maimaitawar Shari'a sura 6, iyaye aka fuskanta da umarnin koyarwa, kuma lokatan da aka ambata duka na harkar yau da kullum ne: zaman gida, tafiya a hanya, kwanciya da tashi. A Fitowa sura 12 an tsara Idin Ƙetarewa ta yadda yaro zai ga abin da ake yi ya yi tambaya, iyaye su amsa. A Joshuwa sura 4 an ɗebo duwatsu 12 daga Urdun aka kafa a Gilgal domin dalili ɗaya, wato 'ya'ya su gani su tambaya. Duk da haka, da ka buɗe Mahukunta sura 2 sai ka tarar tsara ɗaya tak bayan Joshuwa, labarin ya ɓace musu. Eli firist ne, a Haikalin Shilo yake kwana yake tashi, amma Hofni da Finehas suka zama abin da suka zama. Timoti kuwa, wanda ubansa Bahelene ne, Bulus ya danganta bangaskiyarsa da kakarsa da uwarsa. Wato zama kusa da bagade bai ceci gidan Eli ba, rashin uba mai bi kuma bai hana mata biyu yin aikinsu ba.

An gwada mu a kan wannan a 2020. Daga ƙarshen watan Maris na shekarar, saboda annobar korona, gwamnatoci suka hana taruwa a majami'u da masallatai, makonni da dama, a waɗansu jihohi har watanni. Makarantar boko a rufe, makarantar Lahadi a rufe, uba da uwa da yara duka a gida. Kowa a nan ya san abin da ya faru a gidansa. Akwai inda aka shimfiɗa tabarma aka yi waƙa aka karanta Littafi. Akwai kuma inda aka kunna wa'azin talabijin, manya suka yi gyangyaɗi, yara suka sulale waje. Da aka buɗe, sai muka koma kan tsohon tsari kamar ba a yi komai ba.

To, ina mafita? Ra'ayina shi ne, duk majalisar dattawan da ta zauna tsara aikin yara, tambayarta ta fari ta zama: me za mu sa a hannun iyaye domin sa'a 74 ɗin nan? Bayan an amsa wannan, sai a zo kan maganar aji da benci da allo.

Amma ba a tsara wa wanda ba a sani ba. Ikilisiyoyinmu sun san yawan baikon kowace Lahadi har zuwa naira ta ƙarshe, ana ma karantawa a sanarwa, amma ka tambayi magatakarda yawan yara 'yan ƙasa da shekara 13, sai ya ce suna da yawa. A sayi littafin rajista guda, a rubuta sunan kowane yaro, da shekarar haihuwarsa, da wanda yake zaune a hannunsa, da harshen da ake yi a gidan, da ko ya iya karatu. Abin da zai fito daga rajistar nan zai ba dattawa mamaki. Za a ga marayu, da waɗanda ke hannun kaka, da 'ya'yan da tashin hankali ya koro iyayensu daga ƙauyukansu suka raɓe a gidan dangi, da yaron da shi kaɗai ne ke zuwa sujada daga gidansu. Za a kuma ga wadda ba a cika lissafawa ba, wato yarinyar nan da aka ɗauko daga ƙauye domin aikin gida, wadda ake bari ran Lahadi ta dafa shinkafa kafin a taso. Ita ma 'yar wani ce, kuma a gidan mai bi take. In ana maganar shigar da iyali cikin aikin yara, dole a faɗi wanda zai tsaya wa waɗannan. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, amma abin da aka ce na kowa ne, in ba a ambaci suna ba, ba na kowa ba ne. Sai a ɗauki kowane irin yaron nan a haɗa shi da wani gida takamaimai, wanda zai san ran da bai zo ba.

Daga rajista ne za a raba aji. Abin da aka saba gani shi ne yara 80 a gindin mangwaro, daga mai rarrafe har wanda muryarsa ta fara buɗewa, da budurwa guda riƙe da tsumagiya, rabin lokacin yana ƙarewa a kan "ku yi shiru". Ko da rumfar zana ce, a raba 'yan shekara 3 zuwa 5, da 6 zuwa 8, da 9 zuwa 12, kada kuma malami ɗaya ya wuce yara 15 ko 20.

Maganar malamai kuwa tana ci mini rai. Idan za a zaɓi ma'aji, sai an yi addu'a, an bincika, an kaɗa ƙuri'a. Idan za a naɗa malamin yara, sai a duba wanda bai sami shiga ƙungiyar mawaƙa ba. Ba a koya masa komai ba, ba a ba shi littafin darasi ba, shi ma bai ji wa'azi ba shekara da shekaru domin lokacin sujada yana waje da yara. Na san ikilisiyar da ta shekara bakwai tana tara kuɗin hasumiya, alhali malaman yaranta daga aljihunsu suke sayen alli. Ya kamata aikin yara ya sami layinsa a cikin kasafin kuɗi, a karanta shi gaban jama'a kamar yadda ake karanta na gini. Malamai su zama rukuni biyu masu karɓa-karɓa, domin kowa ya sami zaman sujada. Kuma maza su shiga. Yaro namiji da ya tashi bai taɓa ganin namiji babba yana koyar da Littafi ga yara ba, zai yanke wa kansa hukunci cewa abin na mata ne da ƙanana, ran da gemu ya fito kuma sai ya ajiye shi.

Yanzu ga gadar da za ta haɗa majami'a da gida, kuma ba ta cin kuɗi. Fasto da shugaban malaman yara su zauna sau ɗaya a wata uku, su daidaita nassin wa'azi da na darasin yara. In uba ya ji wa'azi a kan ɗa ɓatacce, ɗansa ma labarin ya ji a aji, to a kan kwanon tuwon rana akwai abin taɗi. A ba kowane yaro 'yar takarda, ko a tura wa iyaye ta WhatsApp inda ya yiwu, ɗauke da abu uku kacal: nassin mako, ayar haddacewa, da tambaya guda wadda yaro zai yi wa babansa ko mamarsa. Ku lura, yaron ne zai yi tambayar, kamar yadda aka tsara a Idin Ƙetarewa. Uban da zai iya ƙyale sanarwar fasto, da wuya ya ƙyale ɗan shekara 7 da ya tsare shi da ido.

Sa'an nan a koya wa iyaye yadda ake sujadar iyali, a nuna musu a aikace. Shekara nawa ana ce mana daga bagade mu yi, ba wanda ya nuna yadda ake yi. Waɗanda suka gwada kuma sukan mai da ita kotu: baba ya yi wa'azin minti 40, ya bi da laifin kowa, yara na barci a tsaye, bayan mako biyu abin ya mutu. Minti 10 ya isa. Waƙa ɗaya, yaro ya karanta ayoyi kaɗan, a yi tambaya, a yi addu'a a ambaci sunan kowa da abin da ke gabansa, ko jarrabawa ce ko ciwon haƙori. In baba direba ne ko ɗan sanda mai aikin dare, uwa ta yi, ko kaka, ko babbar ya. Zumuntar Mata da Zumuntar Maza suna da taro kowane mako, me zai hana a keɓe ɗaya a wata domin wannan? Kuma in faɗi gaskiya, uban da ke sauke yara a ƙofar majami'a ya wuce wajen mai shayi ya riga ya koyar da darasinsa na makon, ya kuma fi na malamin shiga.

Akwai batun harshe, wanda ba mu son taɓawa. Kakanni da harshen ƙabila suka yi addu'a, mu da Hausa, jikoki kuwa da Turanci, musamman a birni. A ikilisiyoyi da dama ana yi wa yara darasi da Turanci, ran da suka cika 13 sai a turo su babbar sujada inda waƙa da wa'azi da sanarwa duka Hausa ce. Yaro ya zauna kamar baƙo, bai san waƙa ko ɗaya ta Littafin Waƙoƙi ba. Nan ne muke zubar da su, tsakanin shekara 13 da 16, daidai lokacin da ya kamata su shiga ajin baftisma. Kowace ikilisiya ta yanke shawara da idonta a buɗe: ko a koya musu waƙoƙi da ayoyi cikin harsunan biyu tun suna ƙanana, ko a daidaita sujadar manya. Kuma sau ɗaya a wata yara su zauna tare da iyayensu cikin sujada daga farko har ƙarshe, su karanta nassi, su karɓi baiko, ko da za a ji ɗan motsi. Wanda motsin yara ke damunsa ya sake karanta Markus sura 10 ya ga waɗanda aka tsauta wa a ranar.

Abu ɗaya kuma da zamani ya tilasta mana, shi ne tsaron yaran. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko wane ne shi. A san wanda ya kawo ƙaramin yaro da wanda zai ɗauke shi. Sansanin hutu da fitar 'yan Birged, a auna hanya da wurin kwana kafin a karɓi kuɗin kowa. In kuwa yaro ya kawo ƙarar wani babba ya taɓa shi, ba maganar sasantawa ba ce a ofishin fasto domin rufa wa ikilisiya asiri. Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma laifin da aka yi masa na hukuma ne.

Mai ƙararrawa ya fara duban agogo, saboda haka ga roƙona ga wannan ƙungiya. A zauren nan akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da tsofaffin shugabannin makarantu, da ma'aikatan jinya, da lauyoyi, da dattawan ikilisiyoyi daban-daban. Wanda ya shekara 35 yana rubuta shirin darasi zai iya koya wa malaman yara 10 wannan sana'a cikin Asabar biyu. Ina ba da shawara kowane reshe na ƙungiyarmu ya ɗauki ikilisiya guda a garinsa cikin shekarar nan, ya saya mata rajista, ya horar da malamanta, ya zauna da iyayenta sau ɗaya, sa'an nan a taron baɗi sakataren reshe ya tashi ya faɗa mana yara nawa aka rubuta da gidaje nawa suka fara. Na bar takarda a teburin sakatare domin masu son sa suna.